Ku Bar Yaron Nan Ya Koyi Aikin Wuta

Ɗan ƙanwata yana zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan Zangon Kumasi da na Akara da mutanen Nijar suka yi yawa har suna da masallatansu da gidajen tuwonsu. Shekararsa ashirin da biyu. Kwanakin baya ya kira ni da daddare, bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, hanya biyu ce a gabana. Ko in nemi gurbin koyon aikin wutar lantarki a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago in shafe shekara biyar, ko in yi kwas na 'yan makonni in karɓi lasisin dillancin gidaje. Wanne ka gani?" Ashe kafin ya kira ni ya riga ya jefa tambayar a zauren WhatsApp na dangi, kuma tun kafin a yi nisa an yanke masa hukunci. Baffanni da gwaggonni, daga Kumasi har Kano, bakinsu ya zo ɗaya: ya kama dillanci. Wata ta ce ba a kai yaro Amurka don ya riƙa hawa tsani da filaya a aljihu ba. Wani ya ce gida ɗaya tak in ya sayar, ya ci abin da mai gyaran wuta zai tara a wata shida.

Ni kaɗai na saɓa musu, kuma har gobe ina kan bakana. Shawarar da suka ba shi ita ce shawarar da muke ba 'ya'yanmu a ko'ina yanzu, kuma muguwar shawara ce, ko da da zuciya ɗaya aka bayar.

Mu fara da gidan nan guda da ake ta kuranta la'adarsa. A ɗauka an sayar da gida dala 500,000, la'ada kashi 5 cikin ɗari, kamar yadda aka daɗe ana yi a Amurka, wani lokaci har kashi 6. Dala 25,000 ke nan, kuma nan lissafin 'yan zauren ya tsaya. Amma dillalai biyu ne a kan cinikin, na mai saye da na mai sayarwa, sai a raba biyu. Sabon dillali ba ya cin gashin kansa, dole ya raɓu da wani kamfani, shi kuma kamfanin yakan yanki nasa, sau da yawa rabi idan yaro sabon shiga ne. An dawo dala dubu shida da 'yan kai. A cikinsu zai biya haraji da kansa, ya biya kuɗin ƙungiya da na talla da na man mota, ya sayi inshorar lafiya, domin a idon doka shi ba ma'aikacin kowa ba ne. Ba albashi, ba fansho, ba hutun rashin lafiya. Wannan kuwa idan cinikin ya faɗa ke nan. Yana iya yin wata uku yana zagayawa da mutum gida-gida, ranar ƙarshe banki ya hana mutumin bashi, ya tashi a tutar babu.

Gida nawa zai sayar a shekara? Babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, NAR, tana da mambobi wajen miliyan ɗaya da rabi. A 2023 tsofaffin gidajen da aka sayar a duk ƙasar sun ɗan haura miliyan 4 ne kawai, adadi mafi ƙanƙanta tun 1995, kuma 2024 ba ta fi ta ba. Raba ka gani: kowane mutum bai samu uku ba. Ko ka ninka saboda dillalai biyu ne a kan kowane ciniki, ba a kai shida ba. Kuma ba raba daidai ake yi ba, tsofaffin hannu da suka shekara ashirin suna tara jama'a su ke kwashe mafi tsoka. Alƙaluman ƙungiyar da kanta sun nuna cewa matsakaicin abin da ɗan shekara biyu ko ƙasa da haka a harkar yake samu a shekara ba ya kai dala 10,000. A New York wannan kuɗi ba zai biya hayar ɗaki ba, balle a aika wa tsohuwa wani abu a gida.

Dalilin cunkoson a fili yake. A jihar New York karatun awa 77 da jarrabawa sun isa a ba ka lasisi. Ƙofar da ke buɗe haka, kowa shiga yake. Kamfanin da ya ɗauki sabon dillali kuma ba ya asarar komai, tunda ba ya biyansa sisi. Abin da yake hari shi ne dangin yaron da abokansa: ya sayar wa kawunsa, ya sayar wa abokin babansa, kamfani ya ci rabonsa, in sun ƙare ya kama gabansa a ɗauki wani. To shi ɗan ƙanwata su wa zai sayar wa? A Bronx kusan mutum huɗu cikin biyar haya suke zaune. Jama'arsa direbobin tasi ne da masu kula da tsofaffi a gidaje da masu gadi, da yawansu kuma ko suna da hali ba za su taɓa bashin banki mai kuɗin ruwa ba saboda addini. La'adar haya ma da ƙananan dillalai ke lallaɓawa da ita, majalisar birnin ta yi doka da ta fara aiki a watan Yunin 2025, wadda ta ce wanda ya ɗauko dillali shi zai biya shi, a daina ɗora wa ɗan haya.

La'adar sayarwa ita ma tana rawa. A watan Oktoban 2023 wata kotu a jihar Missouri ta samu NAR da wasu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki don riƙe la'ada a sama, aka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris na 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418 ta kuma canza ƙa'idojinta. Ga kuɗin ruwan bashin gida, wanda bai kai kashi 3 ba a 2021, ya doshi kashi 8 a ƙarshen 2023, kasuwa ta daskare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dillali ke da iko a kai. Abincinsa yana hannun babban banki da alƙali da 'yan majalisa. Abin da 'yan zauren suka gani a Instagram, saurayi da kwat da mota yana jinjina makulli, hangen Dala ne, ba shiga birni ba.

Yanzu ga hanyar da suka raina. Ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta IBEW an kafa ta tun 1891, reshenta na 3 shi ke riƙe da New York. Ita da ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki su ke haɗa kai su horar da masu koyo. Tsarin da aka saba shi ne kimanin shekara biyar, awa 8,000 a bakin aiki ƙarƙashin gwani, ga kuma karatun aji. Ana biyan yaro tun ranar farko, wani kaso na albashin gwani, yana ƙaruwa mataki-mataki har ya kammala. Ba ya fita da bashin makaranta a wuya, a ƙasar da matasa ke gama jami'a da bashin da zai bi su har furfura. Akwai inshorar lafiya, akwai fansho. Masu aikin famfo da bututu ma haka tsarinsu yake.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa shi ne takardar yarjejeniya. Kuɗin awa a rubuce yake, ƙungiya ce ta zauna da 'yan kwangila ta tsayar da shi a madadin kowa. Yaro baƙar fata, Musulmi, ɗan 'yan ci-rani, wanda sunansa kaɗai kan sa a ajiye takardarsa gefe, in ya kai matsayin gwani zai karɓi daidai abin da Baturen da ke kusa da shi yake karɓa. Ba sai ya yi wa kowa murmushi ba, ba sai harshensa ya yi wa mai gida daɗi ba. Dillali kuwa fuskarsa da sunansa da lafazinsa su ne hajarsa, kuma duk wanda ya san Amurka ya san ba kowane mai gidan dala miliyan ne zai miƙa makullinsa ga mai irin sunanmu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina mamakin yadda mu da muka san wannan tun muna yara muke tura yaro inda zai tsaya shi kaɗai.

Ban ɓoye masa wahalar ba. Shiga ba sauƙi: ba kowace shekara ake buɗe ƙofa ba, akwai jarrabawar lissafi da ta fahimtar karatu, akwai ganawa, akwai jira. An sha ganin matasa suna kwana a layi a titunan New York don karɓar fom ɗin ƙungiyoyin masu gini. Ƙungiyoyin nan kuma suna da tarihin ƙyamar baƙaƙe, har sai da gwamnatin Nixon ta fito da shirin Philadelphia a 1969 don tilasta ɗaukarsu a ayyukan gwamnati, kuma ban ce ƙurar ta gama kwantawa ba. Aikin na cin gwiwa da baya, ana fita cikin sanyin da ke fasa leɓe, wuta kuma ba ta yafe ganganci. Da kasuwar gidaje ta rushe a 2008, ma'aikatan gini fiye da miliyan biyu sun rasa aiki. Amma a shekarun nan dillalai dubu ɗaruruwa su ma suka watse, kuma akwai bambanci a abin da kowa ya fita da shi. Mai wuta ya fita da iliminsa a ka da hannu. Asibiti da jirgin ƙarƙashin ƙasa da makaranta suna bukatarsa ko ana sayen gidaje ko ba a saye.

Ga wata hujja da ban ji wanda ya iya ture ta ba. Mai aikin wuta da ya kai shekara talatin da biyar, ya ga yana sha'awar harkar gidaje, awa 77 ce tsakaninsa da lasisi. Zai shige ta da ajiya a banki, da sanin 'yan kwangila, da idon da zai leƙa akwatin wuta ya gane gidan da aka yi wa kwaskwarimar yaudara. Dillalin da ya kai talatin da biyar ya ga ba ta ɓulle ba, shekara biyar ce a gabansa kan albashin ɗan koyo, ga mata ga 'ya'ya, ga gwiwar da ta fara ƙara. Ɗaya hanyar tana jiran mutum, ɗayar ba ta jira.

Na san ba lissafi ne ya sa dangi suka ce dillanci ba. Ƙyamar datti ce. Mun ɗauki farar shadda da ƙamshin turare a matsayin shaidar arziki, mun mayar da mai baƙin hannu wanda boko ya ƙi. Wannan ciwo ya daɗe a jikinmu, shi ya sa har yau akwai gidajen da za su yi jim in maƙeri ko mahauci ya zo neman aure. Alhali mu ne mutanen da suka naɗa Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Fawa, kowace sana'a da shugabanta da ƙa'idarta da hanyar yaye ɗan koyo, tun ba a san wata ƙasa wai ita Amurka da ƙungiyoyinta ba. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, masana gine-gine na duniya suna nazarin aikinsa har yanzu. Ku faɗa mini sunan dillalin fili ɗaya na zamaninsa. Malamanmu kuma kullum suna karantar da mu cewa Annabi Dawuda sulke yake ƙerawa yana ci daga aikin hannunsa, Annabi Zakariyya kuma kafinta ne. Muna ji a masallaci mu gyaɗa kai, mu dawo gida mu hana ɗanmu riƙe filaya.

Kada a ce na zagi dillalai. Dillanci sana'a ce ta halal, kuma na san dattawan da suka shekara arba'in a cikinta ba a taɓa kama su da ha'inci ba. Amma jarinsu amana ce da aka tara a hankali, ba abin da yaro ɗan ashirin da biyu zai saya da kuɗin kwas ba.

Duba abin da wannan tunani ya yi mana a nan gida. A Kano da Kaduna da Abuja, duk saurayin da ya gama bautar ƙasa ya rasa aiki sai ya buga kati ya zama ejan. Fili ɗaya sai ya bi ta hannun mutum biyar, kowa ya ɗora nasa, har kuɗin ya fi ƙarfin mai son ya gina inda zai sa iyalinsa. Ranar da aka tashi ginin kuwa, sai a aika neman mai liƙa tayil da mai yin silin daga Togo ko Kwatano, saboda an fi yarda da aikinsu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka koma wa sola, wanda ya iya haɗa ta da kyau ba ya zama, sai an yi masa layi. Muna da Panteka a Kaduna, muna da Asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, muna da jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Abin da ba mu da shi shi ne ƙungiya mai haƙori da za ta tsayar da farashin aiki, ta hana maigida riƙe yaro shekara bakwai a kan kuɗin abinci, ta tanadar wa magini abin da zai ci ranar da ya faɗo daga bene. Ɗan ƙanwata yana zaune a garin da aka yi fiye da shekara ɗari ana gina irin wannan ƙungiya, ga ta a ƙofar gidansa, mu da ba mu da ita muna ce masa ya juya mata baya.

Mahaifiyarsa ta kira ni bayan kwana biyu, muryarta ba daɗi. Ta ce, "Yaya, in an tambaye ni me ɗana yake yi a Amurka, in ce musu me?" Na ce ta ce musu yana koyon aikin wuta, ana biyansa yana koyo, kuma in ya yi ciwo akwai mai kai shi asibiti. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta yi magana da babansa. Shi kuwa yaron ya turo mini hoton tsohon littafinsa na lissafi na sakandare da ya zaƙulo daga ƙarƙashin gado, ya ce yana yin shafi biyar kullum bayan Asuba kafin ya fita aikin shagon da yake yi.