Bashin Baka da Faɗuwar Naira

Tun daga watan Yunin 2023, da Najeriya ta sakar wa kasuwa farashin naira har darajarta ta zube, mu 'yan kasuwar Damagaram muka ga illar bashin baka. Ɗan kasuwa ya saro kaya daga Kano, ya raba wa mata a Birni da Kasuwar Dole. Ranar biya sai gardama: da naira aka yi ciniki ko da sefa? Canjin wace rana? Rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma ya sa basussuka suka daɗe.

Amana ba ta hana rubutu. Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi take. Mu riƙa rubuta suna, irin kuɗi, rana da shaidu, ko da ajami ne.