An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sansar Oksijin da A-kori-kurar da Aka Sauya wa Halitta

Da wuya a samu a-kori-kurar da ta shekara biyar tana aiki tsakanin Jahun, Harbo, Aujara da Gujungu tana nan yadda ta fito daga kamfani. An ƙara mata sifirin don ta ɗauki buhunan shinkafa da riɗi fiye da ƙima, an ɗora mata kejin ƙarfe, an yanke salansa an sake walda don kada ta riƙa dukan ƙasa a hanyoyin fadama. Wata ma injin da ke cikinta ba nata ba ne, na Beljiyam ne da aka sayo a Kofar Ruwa ta Kano. Babu laifi a yawancin wannan, domin hanya da kaya ne suka tilasta shi. Matsalar tana farawa ne ranar da fitilar cek-inji ta kama, motar ta soma shan mai kamar rairayi, aka jona mata kwamfuta, lamba ta fito da sunan sansar oksijin.

Abin da aka saba yi daga nan abu uku ne: a sayi wata sansar, ko a cire soket ɗinta, ko a kwance dashbod a cire ƙwan fitilar. Duk ukun sun ginu a kan zaton cewa sansar ce mai laifi. A motar da aka taɓa wa salansa ko inji, wannan zato ya fi yawan zama kuskure. Sansar shaida ce, tana faɗin abin da ta gani a cikin hayaƙi, kuma sau da yawa abin da take faɗa shi ne sakamakon gyaran da aka yi da hannu watanni kafin nan.

Aikin da take yi

Injin fetur yana ƙona mai sosai ne idan nauyin iskar da ya shaƙa ya ninka na mai kusan sau 14.7. A zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda sunan a-kori-kura ya shahara da su, kafireta ce ke haɗa wannan ma'auni, bakanike kuma ya daidaita ta da sukundireba da kunnensa. A Hilux mai injin fetur na lita 2.7 da takwarorinta, ƙwaƙwalwar mota ce ke yanke shawarar yawan man da nozul zai fesa, kuma ba ta da wata hanyar sanin ko ta dace sai ta bakin sansar da ke ɗaure a salansa.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, Volvo kuma ya fara sa ta a mota a 1976. A cikinta akwai wani ɗan tangaran da ke kwatanta oksijin ɗin da ya rage a hayaƙi da na iskar waje, ba ya kuma aiki sai zafinsa ya kai wajen digiri 300, shi ya sa ake haɗa masa hita. Tsohon samfurin yana aika lantarki tsakanin bolt 0.1 da 0.9: ƙasa na nufin iska ta yi yawa, sama na nufin mai ya yi yawa. Ƙwaƙwalwa tana ƙara mai ko ta rage bisa wannan rahoto da zarar sansar ta yi zafi.

Yawancin motocin da aka ƙera don kasuwannin da ke da dokar hayaƙi suna da sansa biyu. Ta gaba, kusa da inji, ita ce ke da ta cewa a kan shan mai. Ta baya tana bayan tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawan Najeriya ke kira indomi saboda kamannin cikinta, kuma babban aikinta shi ne duba ko indomin na aiki. Wanda bai bambanta waɗannan biyu ba zai yi ta kashe kuɗi a kan wadda ba ta da hannu a ciwonsa.

Abin da lambar ke faɗa

Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan motocin da ake sayarwa a can, lambobinsa kuma suka zama yaren da kusan kowace kwamfutar gareji ke karantawa. Lambar P0171 tana cewa ƙwaƙwalwa ta ƙara mai har ta kusa ƙure iyakarta, amma sansa na ci gaba da ganin iska ta yi yawa. P0172 kishiyarta ce. P0420 tana cewa indomi ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. P0135 tana nuni ga layin hitar sansar gaba, wanda ya haɗa da fiyus da waya da soket. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce a sayi sabuwar sansa.

A ɗauki salansar da aka yanke aka sake walda. Idan an bar ɗan rami a gaban sansar farko, ko gasket ɗin wuyan salansa bai zauna ba, bugun hayaƙi yana zuƙo iskar waje ta wurin. Sansa ta ga oksijin, ta faɗi gaskiya. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai ne ya yi kaɗan, ta ƙara. Fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya yi wari, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. A sa sansa goma, kowacce za ta faɗi abu guda, domin ramin na nan.

Haka labarin yake da sauyin inji. Toyota da wasu kamfanoni sun daɗe da sa wani samfurin sansar gaba mai auna ma'aunin iska da mai kai tsaye, wanda yarensa ya bambanta da na tsohon samfuri, ko da yake zarensu ɗaya ne kuma duka suna iya zuwa da waya huɗu. Idan aka haɗa injin wata kasuwa da ƙwaƙwalwar wata, ko aka ɗaura tsohon samfuri a gurbin sabo don ya fi araha, motar za ta tashi, amma ƙwaƙwalwar na sauraron bakin da ba ta fahimta.

Sauyi na baya-bayan nan shi ne na iskar gas. Bayan cire tallafin fetur, gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da CNG a 2023. Gas yana buƙatar iska fiye da fetur, kusan ninki 17, kuma na'urar da ake ƙarawa tana kwaikwayon umarnin ƙwaƙwalwar asali ne. Idan ba a saita ta daidai ba, ƙwaƙwalwar za ta koyi gyaran da ya dace da gas, ta riƙe shi, sannan motar ta yi ta shaƙewa idan aka koma fetur. Nan ma sunan sansa ne zai fito a kwamfuta.

Rabon fadama

Wannan ba ya nufin sansa ba ta mutuwa. Ƙasar da kogin Hadeja ke malala a kanta tana da hanyoyinta na kashe ta. Tangaran mai zafin ɗaruruwan digiri yana iya tsagewa idan aka kutsa da mota cikin ruwan sanyi, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim, Miga, Auyo da Kafin Hausa ya san sau nawa direba ke rasa zaɓi. Laka tana toshe kafar da sansa ke shaƙar iskar waje, ruwa kuma ya kwanta a soket ya ci ƙarfe. Da rani, ƙurar hunturu tana cika matatar iska, wasu su cire ta ɗungum, ƙurar ta lulluɓe sansar da ke auna iskar shiga, ita kuma ta jawo P0171 ba tare da ta salansa ta yi komai ba.

Akwai kuma guba. Gam mai silikon da ake shafawa a madadin gasket, ruwan lagireto da ke zurarewa cikin silinda, da baƙin man da tsohon inji ke ƙonawa, duk suna rufe fuskar tangaran. Mai marar kyau yana da nasa kaso. Ba a manta da fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 ba. Sai dai ko a nan, mutuwar sansar alama ce. Injin da ya kashe ta farko da baƙin mai zai kashe ta biyu.

Hujjar masu cire indomi

Masu cire indomi suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Idan ya narke ko ya toshe, yana shaƙe inji da gaske, mota ta kasa hawa tudu da kaya, sabo kuma yana da tsadar da mai a-kori-kura ɗaya ba zai iya ba. Gaskiya ne kuma cewa cire shi kaɗai, idan an yi walda mai kyau aka bar sansar gaba lafiya, ba ya ƙara shan mai sosai.

Amma akwai abubuwa uku da ba a faɗa wa mai mota. Na farko, indomi ba ya narkewa haka kawai. Yawan mai ko fulogin da ba ya kamawa ne ke dafa shi, kuma wannan ciwon yana nan bayan an cire. Na biyu, a cikinsa akwai filatinam da faladiyam da rodiyam, yana da kasuwa, don haka shawarar a cire shi ba kullum take zuwa daga bakin da ba shi da riba ba. Na uku, da zarar P0420 ta zauna dindindin, fitila ba za ta sake mutuwa ba, direba ya saba da ita ko ya cire ƙwanta, kuma ranar da wata babbar matsala ta zo ba shi da mai gaya masa. Ga kuma mutanen da ke zaune a bayan mota ranar kasuwa, ko mai naƙudar da aka shimfiɗe a can za a kai ta babban asibitin Jahun: indomi ne ke rage iskar kabon mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, kuma salansar da aka gajarce tana fitar da ita a ƙarƙashinsu.

Tsarin da ya kamata a bi

Bincike na gaskiya yana farawa da tambaya kafin a ɗauki sifana: me aka sauya a motar nan, yaushe, kuma yaushe ciwon ya fara? Daga nan a duba da ido da kunne, a nemi baƙin toka a bakin walda, wayar da ta taɓa salansa ta narke, soket mai tsatsa, fiyus da ya ƙone. Hita kuwa ƙaramar mita ta isa a gane ko ta yanke.

Sai a bar inji ya yi zafi a karanta adadin gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi, wanda ko na'ura mai araha da ake haɗawa da wayar hannu tana nunawa. Idan bai wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, lafiya. Idan ya yi sama a silo ya sauka da aka taka totur, iska ce ke shiga ta wani tiyo ko gasket. Idan yana hawa ne sa'ad da mota ke jan kaya, a tuhumi famfon mai da matatarsa. A ƙarshe a gwada sansar kanta: a taka totur farat ɗaya, ko a zare ƙaramin tiyon iska, a ga ko ta amsa nan take. Wadda ta amsa tana da rai. Wadda ta yi shiru, bayan an tabbatar wuta na isa gare ta, ita ce ta cancanci sauyi, kuma da lambar da ta dace da ƙwaƙwalwar da ke cikin motar. Motar da aka lafta wa ninkin ƙimarta kuwa, direba na take da totur har ƙasa, za ta sha mai ko da komai nata sabo ne, domin a wannan hali ƙwaƙwalwa kan ajiye rahoton sansa ta zuba mai da gangan.

Wannan aiki yana cin sa'a ɗaya ko biyu, kuma nan gizo ke saƙar. Al'adar gareji ita ce a biya bakanike idan ya kwance ya ɗaura. Wanda ya tsaya yana aune-aune ya ce rami ne a toshe, ana ganin bai yi komai ba. Mai motar da ba ya biyan kuɗin bincike shi ne ke tura bakanike ga sayar masa da kaya. Lokacin da lita ke ƙasa da naira 200 ana iya yafe wannan ɓarna. Tun daga 29 ga Mayu 2023 lissafin ya sauya: lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, ta kuma haye naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. A misalta motar da ke shan lita 30 a ranar kasuwa, tana cin kasuwa huɗu a mako. Ƙarin kashi ɗaya cikin goma kawai ya kai lita 12 a mako, sama da lita 600 a shekara, kuma wannan kuɗi daga ribar direba da farashin buhun manomi yake fita.

Saboda haka abu biyu suka rage ga masu motoci, musamman ƙungiyoyin manoma da ma'aikatu da 'yan kasuwar da ke da fiye da ɗaya. Su ware kuɗin bincike daban da kuɗin kaya, su biya shi ko da amsar ta zama walda ta 'yan mintoci. Su kuma ajiye ɗan littafi a aljihun mota, a rubuta kowane sauyi da ranarsa: inji, ƙwaƙwalwa, salansa, indomi, gas. Bakaniken da aka miƙa wa wannan littafi ya riga ya yi rabin aikin kafin ya buɗe bonet.