Iya tuƙi daban, izinin haya daban

A watan Afrilun 2024, hukumar kula da sufurin sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da izinin wasu masu jiragen kansu su uku, saboda sun maida su na haya. Mun ce ta yi daidai. Ko matuƙi ya gama makarantar Zariya, bai isa ya kwashi fasinja ya karɓi kuɗi haka kawai ba, sai da takardar sufuri da inshora da binciken jirgi. Koyar da tuƙin ma da lasisinsa daban.

To 'yan uwa, mu fa a ƙasa? Ku dubi motocin Galma zuwa Madawa ranar kasuwa, mutane har bisa kaya. Wa ya duba birki? In ta kife, wa ke biyan magani? Mahukuntan Tawa, ku muke tambaya.