Na'ura A Laburaren Makaranta: Kwalliyar Da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu

Jama'a, wata sabuwar ɗabi'a ta shigo harkar ilmi, kuma in ba mu yi magana ba za a ce da yardarmu aka yi. Yanzu duk mai son a ce ya yi wa makaranta aiki, sai ya share ɗaki guda, ya shafa masa fenti, ya jera kwamfutoci, ya kafa allo a ƙofa wai nan ne "laburaren zamani". A gayyato manya, a yanke zare, a ɗauki hoto, a watse. Littattafan da ke ɗakin a dā kuwa a ɗaure su da igiya a kai sito, gara ta samu abinci. Ni dai ra'ayina shi ne wannan aiki cuta ce ga yara da malamansu, kuma zan faɗi dalilina.

Lokacin da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata makarantar sakandare, na tarar da irin wannan ɗaki. A wata ukun da na yi, sau biyu na ga an buɗe shi, duka biyun ranar da baƙi suka zo. Wuta ba ta zuwa, injin ba mai, mabuɗi yana aljihun shugaban makaranta domin tsoron kada wani abu ya ɓace a cire a albashinsa. Malamin da aka ɗora wa kula da laburare malamin lissafi ne mai aji biyar, ba wanda ya taɓa koya masa ko yadda ake jera littafi a kanta. Ni kuma ina koyar da Ruwan Bagaja da kwafi ɗaya tak, nawa na kaina, yara suna zagaye da ni kamar masu kallon dambe. Kuɗin kwamfuta guda a ɗakin nan ya isa a saya wa kowane yaro a ajin nasa kwafin.

Kada wani ya ce ai wannan halin ƙasarmu ne kawai. A 2005 wani shehun malami a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar dala 100. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantun karkara 319, rahoton da ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma a lissafi da harshe ba su fi waɗanda ba a bai wa ba. A 2013 hukumar makarantun birnin Los Angeles ta ƙudura kashe dala biliyan 1.3 don raba wa ɗalibai iPad. Cikin 'yan kwanaki yara suka ɓalle makullin da aka sa wa na'urorin suka shiga wasanninsu, darussan da aka yi alkawarin zubawa a ciki ba su kammala ba, a 2014 aka dakatar da kwangilar. To, in masu wuta dare da rana sun yi wannan faɗuwa, ina ga mu?

Abin ma ba yau aka fara ba. A 1971 ƙasar Kwaddebuwa ta ɗauki talabijin a matsayin malamin firamare, aka jera akwatuna a azuzuwa, ana watsa darasi daga Buwake. Bayan kimanin shekara goma, iyaye da malamai suka kai kuka, aka naɗe tabarmar shirin. Kowane zamani da tasa na'urar da ake rantsuwa za ta maye gurbin malami, kuma kullum malamin ne ake komawa a nema bayan kuɗi sun ƙare. Hukumar UNESCO da kanta, a rahotonta na 2023 kan fasaha a harkar ilmi, ta ce ƙwararan hujjojin amfanin waɗannan kayayyaki kaɗan ne, kuma da yawa daga cikin hujjojin daga wajen masu sayar da kayan suke fitowa. Ina wanda ya taɓa jin mai nono ta ce nononta ya yi tsami?

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: wai mu 'yan Hausa haka muke, kullum muna ja da baya, duniya tana gudu muna rarrafe. Wannan magana ba ta kama ni ba. Da wayar hannu na tattara rabin abin da na rubuta a nan. Akwai manhajoji masu amfani ƙwarai ga malami da mai kula da laburare, kuma abin takaicin shi ne mafi ingancinsu kyauta ne, shi ya sa ɗan kwangila ba ya ambatonsu. Koha, wadda aka ƙirƙira a New Zealand a 1999, tana riƙe wa laburare jerin littattafansa da sunan wanda ya ara da ranar mayarwa, ba a biyan ko kwabo na lasisi. Kiwix tana ɗauke Wikipedia ɗungurungum a cikin kwamfuta ɗaya, a karanta ba tare da intanet ba. Kolibri ma haka take da darussa. African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu ta kafa, yana da labaran yara a harsunan Afirka har da Hausa, kuma an yarda malami ya buga su a takarda ya raba. Tsohuwar kwamfuta ɗaya, da faifan hasken rana ɗaya, da injin buga takarda, a hannun mutumin da aka horar, sun fi ɗaki cike da na'urori a kulle.

Sai dai ko waɗannan ɗin, fartanya ce kawai, ba ta noma sai da manomi. Koha ba za ta lissafa littafin da ba a saya ba. Manhaja ba ta san cewa Ladidi ta gama Magana Jari Ce na ɗaya, yanzu lokaci ya yi da za a miƙa mata na biyu ba. Ba ta san yaron da ke zama a lungu yana kunyar karatu da ƙarfi ba. Wannan aikin mai kula da laburare ne, mutumin da muka mayar tamkar mai gadin ƙura. Tun a 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta lissafa laburare cikin muhimman abubuwan da makaranta ke bukata. Ku da kuka fito daga makarantun gwamnati, mutum nawa ne a cikinku ya taɓa aron littafi ya tafi da shi gida?

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa da malamanmu. Mene ne a cikin na'urar? Galibi Turanci ne, an tsara shi don yaron da ya tashi da Turanci a bakinsa. Ɗan abin da ke akwai na Hausa kuwa, sau da yawa an rubuta shi ba ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari. Wanda ya shigar da Ganɗoki a jerin littattafai da "d", wani ya zo nema da "ɗ", wata na'urar sai ta ce babu, alhali littafin yana kan kanta yana kallonsu. Wannan gyara ba Bature ne zai yi mana ba. A 1933, da aka ga makarantu ba su da abin karantawa da Hausa, gasar rubutu aka sa, ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Mutanen nan sun gane cewa sai an dafa tuwo kafin a nemi akushi.

Don haka ga abin da nake kira a yi. Kada a ƙara sayen na'ura ga makarantar da ba ta da littattafai a kanta da horarren mai kula da su. Duk kuɗin da aka ware wa kayan zamani, a fitar da kason horar da malamai da gyara da wuta tun kafin a sa hannu. A tambayi malamin aji abin da yake bukata, tunda shi zai yi aiki da kayan. Bayan shekara guda kuma a dawo a ƙidaya yaran da suka iya karatu, a bar ƙidayar akwatuna.

Mu kuma 'yan wannan ƙungiya kada mu tsaya a zargi. Kowannenmu zai iya rubuta labarin yara guda da ingantacciyar Hausa, ko ya gyara shafi guda a Wikipedia ta Hausa, ko ya koma tsohuwar makarantarsa lokacin hutu ya kwance littattafan nan daga igiya, ya kakkaɓe, ya jera. In mun yi haka, ranar da na'urar ta zo za ta tarar da abin ɗauka. Allah ya sa mu gane, amin.