FILIN 'YAN MAKARANTA: Ingilishi Ta Kunne Yake Shiga

Da zarar watan Mayu ya ƙarato, lokacin da ake zama jarrabawar ƙarshe ta makarantun sakandare, duk wanda ya ratsa garin Bauchi da daddare, tun daga Wunti har Jahun, ko kuwa ya fita Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suka yi yawa, zai tarar da samari zaune a ƙofar gida ko a gindin fitilar wani kanti, kowa ya duƙufa a kan littafin tambayoyin shekarun baya. Abin da zai ba mai lura mamaki shi ne, ko da Ingilishi suke bita, ba zai ji muryar kowa ba. Wurin shiru kamar malam ya ci shirwa. Yaro yana bin kalma da ido, yana zana layi a ƙarƙashinta, alhali kuwa bai taɓa jin yadda masu harshen suke faɗinta ba, shi ma bai taɓa gwada ta a bakinsa ba.

Wannan al'amari ba na wasa ba ne. Kowa ya san jami'o'in Nijeriya suna neman sakamako mai kyau a darussa biyar, kuma tilas Ingilishi ya kasance a cikinsu. Wanda ya sami daraja ta C6 ya haye, wanda ya sami D7 kuwa, ko da ya cinye Lissafi da Kimiyya, sai ya koma gida ya jira wata shekara, mahaifinsa ya sake neman kuɗin rajista. Yara nawa ne masu ƙwaƙwalwa a Bauchi, waɗanda Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa take nan a garinsu, suna ganinta kullum, amma darasi guda ya tsare musu ƙofa?

Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta kasa jarrabawar Ingilishi kashi uku. Takarda ta farko ta kalmomi da nahawu ce, ta biyu ta insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, ta uku kuwa ta lafazi ce, mai tambayoyi 60. A nan ne wani abu yake wanda ba kowa ya lura da shi ba. A ƙasashe irin su Gambiya da Saliyo, takarda ta uku ta saurare ce, ɗalibi yana ji da kunnensa sa'an nan ya amsa. A Nijeriya kuwa a rubuce ake ba da ita, a nuna wa yaro kalma a ce ya zaɓi wadda take da wasali iri ɗaya da ita, ko ya nuna gaɓar da ake dannawa. Saboda haka yara da yawa suka ɗauka haddar alamomin sauti ita ce dabara. Suna haddace hoton sauti, sautin kansa bai taɓa shiga kunnensu ba. Ranar jarrabawa idan aka kawo kalmar da ba ta cikin haddarsu, sai canke.

Ɓarnar ba ta tsaya ga takardar lafazi kaɗai ba, har nahawu take shafa, kuma dalilin yana cikin bambancin da ke tsakanin ginin Hausa da na Ingilishi. Bahaushe idan zai nuna lokacin da aka yi aiki, a gaba yake nuna shi, a jikin wakilin suna: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. Tun kafin a kai ga aikatau mai saurare ya riga ya san lokacin. Ingilishi kuwa a wutsiyar kalma yake rataye wannan labari. Tsakanin "walk" da "walks" da "walked" babu wani bambanci sai ɗan sautin da ke ƙarshe, haka kuma tsakanin "boy" da "boys". To, galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka kunnen da ya tashi da Hausa bai saba tsayawa ya jira baƙi a ƙarshen kalma ba. Abin da kunne ya zubar kuwa, hannu ba zai rubuta shi ba. Shi ya sa malami zai yi shekara uku yana nanata wa aji cewa a sa "s" idan mai aikin mutum ɗaya ne, yara su haddace ka'idar tsaf, amma su zo insha'i su rubuta "he go". Sun san dokar, kunnensu ne bai taɓa shaida ta ba.

Wanda yake son ya ga yadda harshen Hausa yake sarrafa sautin Ingilishi, ya dubi kalmomin da aka ara. "Plank" ta zama filanki, "pump" ta zama famfo, "brake" ta zama birki, "bread" ta zama burodi. A cikin filanki kaɗai an yi gyara uku: an mai da "p" ta zama "f", an raba baƙaƙen da suka haɗu da wasali, an kuma ƙara wasali a ƙarshe. Wannan ba aibi ba ne, kowane harshe haka yake yi wa baƙon da ya sauka a gidansa. Amma ɗalibi mai shirin jarrabawa lalle ne ya san cewa kunnensa yana yi masa irin wannan gyara ba da saninsa ba. Sai a ce "pull" ya ji "full", a ce "vote" ya ji "boat", a ce "think" ya ji "sink". Ga kuma wasula: Hausa tana da biyar, kowanne da dogo da gajere, Ingilishin Ingila kuwa yana da sautin wasali wajen 20.

Duk da haka, kada ɗan Bahaushe ya karaya, domin yana da jarin da bai san yana da shi ba. Kunnen da yake rarrabe gari na zama da gari na tuwo, da tsawon wasali kawai, ko ya rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya, da hawa da saukar murya kawai, ba zai kasa rarrabe "ship" da "sheep" ba, ko "live" da "leave", idan an nuna masa inda zai kasa kunne. A Bauchi ma abin ya fi haka, domin yara da yawa sun tashi da Fulatanci ko harshen Jarawa ko na Gerawa a gida, suka ɗauki Hausa a waje, babu wanda ya taɓa rubuta musu ka'ida a allo. Da kunne suka sami harshe biyu. Na ukun ne kaɗai aka ce su nema da ido.

Ga waɗanda suka wuce sakandare kuwa, bashin da aka ci na kunne yana nan yana jiransu. Ma'aikaciyar jinya da ta gama karatu a Bauchi take son aiki a Ingila, ko malamin jami'a mai neman ƙaro ilmi a Kanada ko Ostareliya, sau da yawa sai sun zauna jarrabawar IELTS, wadda aka fara a 1989. Sashenta na saurare kashi huɗu ne, tambayoyi 40, cikin kamar minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna maganar. Muryoyin ba na ƙasa ɗaya ba ne, akwai na Ingila, da na Ostareliya, da na Amurka ta Arewa. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya tana neman daraja ta 7 a saurare ga wanda ya zo da wannan jarrabawa, watau ya ci wajen tambayoyi 30 cikin 40. Idan amsar "books" ce mutum ya rubuta "book", ya faɗi wannan tambaya. Ba kuwa tsanani ne na banza ba. Mai jinyar da likita ya ce mata "fifteen" ta ji "fifty", watau 15 ta zama 50 a ma'aunin magani, ran mutum ne a hannunta. A wannan ɗaki babu satar amsa, ba kuma mai ara wa wani kunne.

Mutanen Bauchi ba su da bukatar a kawo musu misali daga nesa. Marigayi Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa yake cikin garin, a makarantun Arewa ya yi karatunsa. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, makarantar da aka san ta da matsa wa ɗalibai a kan lafazin Ingilishi, ya fito a 1933 ya dawo yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Sai a 1945, yana da shekara fiye da 30, ya tafi London ƙaro ilmin koyarwa. A shekarun 1940 ɗin nan kuma akwai ƙungiyar tattaunawa a Bauchi, inda shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da wasu ma'aikata suke haɗuwa ana muhawara a kan al'amuran ƙasa. Mutumin da ya fito daga wannan tarbiyya shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, ya kuma yi jawabi a majalisar dokokin Amurka a 1961, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Jawaban nan an ɗauke su, suna nan a intanet. Yaron da ya saurari ɗaya daga cikinsu zai ji yadda yake kai kowace kalma har ƙarshenta, ba ya gaggawa, ba ya haɗiye baƙi.

To, mene ne abin yi? Hanyar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi makarantar allo, inda malam yake biyawa, almajiri ya maimaita, a sake biyawa har karatu ya zauna. Na farko, ɗalibi ya ware minti 20 kowace rana domin saurare kawai. Ya fara jin labaran duniya da Hausa a rediyo, sa'an nan ya nemi labaran ranar da Ingilishi, a Rediyon Nijeriya ko BBC. Tun da ya riga ya san abin da ya faru, hankalinsa zai koma ga yadda aka faɗe shi. Koyar da Ingilishi ta rediyo tsohuwar hanya ce, BBC ta fara ta tun 1943, kuma har yanzu sashenta na koyon Ingilishi yana da gajerun shirye-shirye na minti 6 tare da rubutaccen abin da aka faɗa, waɗanda ake iya saukewa a waya a ajiye.

Na biyu, a farfaɗo da shifta. Ɗalibi ya ɗauki magana ta minti ɗaya, ya saurara sau ɗaya ba ya rubutu, a karo na biyu ya rubuta jimla bayan jimla, a na uku ya gyara, sa'an nan ya gwada da rubutun asali. Duk inda ya zubar da "s" ko "ed", ko ya tsallake "a" da "the", ya zagaye wurin da jan alƙalami. Bayan mako biyu zai ga kurakuransa ba su da yawa, guda uku ko huɗu ne suke ta komowa. Su ne nahawun da ya kamata ya buɗe littafi ya karanta ka'idarsu, kuma a lokacin ka'idar za ta zauna, domin ya riga ya ga inda take cizo.

Na uku, a daina bitar takardar lafazi a shiru. Yara uku su haɗu, ɗaya ya karanta kalmomin da ƙarfi, biyu su zaɓi amsa, in an yi gardama a nemi ƙamus mai sauti a waya ya raba. Kowa kuma ya riƙa karanta sakin layi ɗaya yana ɗaukar muryarsa, ya saurari kansa. Da farko zai ji kunya, abokai ma su yi masa dariya su ce yana iyayi. Wannan dariya ta hana yara da yawa buɗe baki a aji, ita kuwa ba ta biya wa kowa kuɗin sake jarrabawa. Mai nema ba ya fushi, mai koyo kuma ba ya kunya.

Malamai da iyaye su ma suna da nasu rabo. Gaskiya ne aji ya yi yawa, wutar lantarki ba ta da tabbas, makarantu da yawa ba su da na'urar kunna magana. Amma shifta ta minti 10 a farkon darasi ba ta bukatar kome sai muryar malami da alli. Ƙungiyoyin muhawara da aka bari suka mutu a makarantu da dama, shugaban makaranta yana iya tayar da su da yammacin rana ɗaya a mako. Uba kuma idan ya ga ɗansa ko 'yarsa da waya a kunne, kafin ya yi faɗa ya tambaya me ake ji. In darasi ne ya sa albarka, in kuwa ba shi ba ne ya nuna hanya. 'Yan mata musamman, waɗanda ba su da damar fita bitar dare, rediyon gida da wayar uwa sun ishe su makaranta, in an ba su lokaci.

Sai dai a tuna, kunne ba ya karɓar horon dare ɗaya. Ana iya haddace ka'idoji 20 a daren jarrabawa, amma ba a koya wa kunne jin wutsiyar kalma sai da watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake aji biyu na babbar sakandare, yau ce ranar da ya kamata ya fara, wanda jarrabawa ta riga ta matso masa kuwa, ko mako shida ya samu ya fi babu.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba sashen taƙaitawa, inda yara da yawa suke kwafe jimlolin marubuci sukutum suna zaton sun amsa tambaya. Allah ya ba 'yan makaranta sa'a, ya saka wa malamansu da alheri.