ZAUREN UWARGIDA DA ƘANNENTA: Ƙyallen Da Tela Ya Rage Naki Ne

 

Yau maganata a kan rigar girki ce, wadda ake ɗaurawa a gaba kafin a shiga madafi. Na san wata za ta taɓe baki ta ce ai wannan bidi'ar Turawa ce. To 'yar uwa, je ki maƙera ki ga walkin fata a jikin maƙeri. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san mai aiki da wuta sai da kariya. Mu mata ne kawai muke shiga gaban murhu da atamfar fita biki, manja ya fantsamo, baƙin tukunya ya shafa, kafin wata uku zane ya koma tsumma.

Kuma ki tuna tufafi yanzu ba araha ba ne. Gusau garin auduga ne, tun da layin dogo ya iso aka riƙa lodinta ana kai wa kudu, har masaƙa muka yi ta kanmu, Zamfara Textile. Masaƙar ta daɗe da tsayawa. Yawancin abin da muke ɗaurawa yau daga waje yake zuwa, ya biyo ta Kantin Kwari, kowa ya ɗora ribarsa kafin ya iso Tsafe ko Bungudu. Turmi yadi 6 ne, kuma duka kika biya. To don me za ki bar wa tela ragowar ya share ya ƙone? Idan kin je karɓar ɗinki, ce masa, "Malam, a haɗo mini da ƙyallena." Ba rowa ba ce, hakkinki ne. Ko a Amurka, a shekarun 1930 da talauci ya yi musu katutu, da buhunan fulawa na yadi matansu suka riƙa ɗinka riguna da rigunan girki, har kamfanoni suka koma buga furanni a jikin buhunan.

Ga yadda ake yi. Ki tara ƙyallayen ki wanke su tukuna, don mai zuba ya zube, mai tsukewa ya tsuke. Ki goge, ki yanka su gida huɗu-huɗu kamar faɗin tafin hannu, ki harhaɗa har ki samu inci 24 a tsaye, 24 a kwance. Wannan shi ne na ƙasa. Na ƙirji inci 10 ya isa. Sai ki shimfiɗa tsohon zanen Inna da ya sha wanki a baya ya zama shafi, saboda ninki biyu shi ke hana mai ratsowa. Ki sa igiya ɗaya ta wuya, biyu na ƙugu, da aljihu guda na tsumman sauke tukunya. Ba ki da keke? Zare da allura sun wadatar, ɗinkin yamma biyu ne.

Amma nan nake so ki buɗe kunne da kyau. Ba kowane ƙyalle ake kusantar wuta da shi ba. Kada ki kuskura ki yi da leshi, ko yadin nan mai santsi na roba, ko buhun taki da na shinkafa. Auduga ma tana cin wuta, amma toka take zama. Roba kuwa narkewa take yi ta manne wa fata, ƙunarta ta fi muni nesa ba kusa ba. Atamfofin yanzu da yawa akwai roba a cikinsu, don haka ki gwada: zare ɗan zare ki kusanta shi da ashana a tsakar gida. In ya yi warin takarda ya zama toka, auduga ce. In ya dunƙule ya yi tauri, ajiye shi ki yi wa ƙanwarki jakar allo. Kuma a baya ake ɗaure igiya, kada ta yi reto gaban murhu ko risho. In tsautsayi ya gifta, Allah Ya kiyaye, ban da gudu. Ki kwanta ki yi birgima, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi kamar minti 20, sannan a nufi asibiti. Ban da shafa ƙwai ko man goge baki.

Ke kuma amarya, in maigida ya yi sallama sai ki kwance ki rataye, ki tarbe shi fes. Ke 'yar makaranta, in hannunki ya faɗa, masu ƙosai da awara da tuwo-tuwo na bakin tasha duk masu saye ne. Kuɗin littafi ya samu ba tare da kin miƙa wa wani saurayi hannu ba.

Wadda ta ɗinka ta rubuto mini yadda ta kaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti