Daga Magarya zuwa Jidda: nisan sama da nisan ƙasa

Duk shekara, in lokacin hajji ya ƙarato, tambaya guda ce ke yawo a kasuwar Magarya da ta Dungas: awa nawa jirgi yake yi kafin ya sauka Jidda? Amsar ba ta da wuya. Daga Yamai zuwa Jidda, a miƙe, wajen kilomita 4.000 ne, wato kusan awa shida a sama. Daga Kano kuwa wajen kilomita 3.400 ne, awa biyar ko ƙasa da haka.

Sai dai maniyyacin Dungas ba daga ƙofar gidansa yake tashi ba. Idan jirginsa na Yamai ne, dole ya bi ta Magarya ya hau Damagaram, wajen kilomita 90 daga can, sa'an nan ya kama gudiron ta Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, kusan kilomita 900 kafin ya ga filin jirgi na Diori Hamani. Yini guda cur a cikin mota, har dare ya riske shi. Abin mamakin shi ne duk wannan wahala yamma yake nufa, alhali alƙibla tana gabas. Da jirgi ya tashi, cikin awa guda yake shafe nisan da tsoho ya yini yana ci da ƙugu. Tsakanin Yamai da Damagaram ta sama kilomita 750 ne ma bai cika ba.

Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, domin daga Magarya tafiyar ƴan awoyi ce ta Ɓaɓura, kuma tun 1925 jirgi ya fara sauka a birnin. Shi ya sa ɗan kasuwa mai neman Jidda ko Dubai yakan fara duban kudu. Amma iyaka ba ta da tabbas: an rufe ta a 2019 har ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023 har Maris na 2024. Wanda ya sayi tikiti ba ya jiran a buɗe shinge. Sararin sama ma yana da nasa shingen, domin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya sa jirage kewayawa, awoyin tafiya suka ƙaru.

Akwai kuma ruɗin agogo. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu, kuma lokacin saukar da ke kan tikiti na can ne. Wanda ya tashi Yamai da ƙarfe 10 na dare ya ga an rubuta 6 na safe, awa shida ya yi, ba takwas ba.

An gyara filin jirgin Damagaram domin bikin 18 ga Disamba na 2018. Jahar da ta fi kowace yawan jama'a a Nijar tana da haƙƙin ta tambayi hukuma alhazai nawa ne suka tashi daga can tun lokacin.